Ƴar zanzaro mai farautar murzuna: wa ke nuna mata hanya?



A karkarar Afala, arewa da birnin Tawa, damana gajera ce. Manomi ya yi shuka, ya yi noman fari, ya yi maimai. Hatsi ya yi ciki, ya fidda kai, hankali ya soma kwanciya. Sai wata safiya mutum ya shiga gonarsa, ya ɗaga ido, ya ga zangarniya da wani zane da ya zagaye ta kamar naɗin rawani. Ya girgiza ta, sai gari-gari ya zubo. Kowa ya san ma'anar wannan: murzuna ta sauka.

Amma murzuna tana da abokiyar gaba. Wata ƴar ƙwaro ce dangin zanzaro. Shekaru da dama ke nan ma'aikatan gona suna kai ta ƙauyukan jihohin Tawa, Maraɗi, Damagaram da Doso cikin ƙananan buhuna. Duk inda aka rataye buhun, akwai tambayar da ba ta rasa fitowa: "Malam, wannan ɗan abu da ido ke gani da ƙyar, yaya zai gano tsutsa cikin gona mai faɗi haka? Wa ya gaya masa inda take?"

Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana da amfani. Wanda bai san amsar ba yana iya kashe mai taimakonsa da hannunsa, bai sani ba.

Murzuna da ɓarnarta

Bari mu soma da ɓarauniyar kanta. Uwar murzuna tana kama da malam-buɗe-littafi, amma da dare take yawo. Tana fitowa daga ƙasa kimanin wata ɗaya bayan ruwan shuka. Tana zuba ƙwai a kan zangarniya sabuwar fitowa, kuma uwa ɗaya tana iya zuba ƙwai ɗaruruwa. Cikin kwana 3 zuwa 5 sai su ƙyanƙyashe. Ƙananan tsutsotsi su shige tsakanin furannin zangarniya. Suna yanke furen daga gindinsa, suna tafe suna zagayawa. Shi ne wannan zanen da muke gani.

Tsutsar takan yi kimanin mako huɗu tana ci. In ta ƙoshi sai ta sauko, ta binne kanta cikin ƙasa. A nan take kwana duk tsawon ɗari da bazara, sai wata damana ta fito da fiffike. Sau ɗaya take zuwa a shekara, amma zuwa ɗayan ya isa.

Tun bayan babban farin shekarun 1972 zuwa 1974 murzuna ta zama annoba a ƙasashen Sahel. Masu bincike sun auna gonakin da asararsu ta kai kashi 85 cikin 100. Wato gonar da ta saba ba da dami 20, sai a tashi da dami 3. Feshin magani bai cika kai wa gare ta ba, domin a ɓoye take cikin zangarniya. Ga shi kuma maganin yana da tsada.

Zanzaron da muka sani

Kowa ya san zanzaro, mai gina ɗan gidansa na laka a bangon ɗaki ko jikin rumbu. Wanda ya taɓa fasa gidan yana yaro zai tuna abin da ya tarar a ciki: tsutsotsi ko gizo-gizo a jibge, ba su mutu ba, ba su kuma motsi. Wasu suna cewa tsutsar ce take rikiɗa ta zama zanzaro. Ba haka ba ne. Uwar zanzaro ce ta harbe su, suka sandare, ta kwaso su, ta sa ƙwanta a ciki, ta liƙe ƙofa. In ɗanta ya ƙyanƙyashe, sai ya tarar da abinci wanda bai ruɓe ba.

Ƴar zanzaron da muke zance a kanta dabararta ke nan. Bambancinsu shi ne ita ba ta gina gida, ba ta kuma ɗauko tsutsa. Inda ta same ta, nan take gamawa da ita. Masu bincike suna kiranta Habrobracon hebetor. Mu a nan za mu riƙa ce mata ƴar zanzaro. Tsawonta milimita 2 zuwa 3 ne, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Ba ta harbin mutum, ba ta harbin dabba, ba ta cin hatsi. Ba baƙuwa ba ce, da ma akwai ta a ƙasarmu, a gonaki da cikin rumbuna.

Macen ce kaɗai mai farauta. In ta sami murzuna sai ta soke ta da ƙarinta. Dafin ya sandarar da tsutsar, ta bar ci. Sai uwar ta jera ƙwai a jikinta. Ƴaƴan su ƙyanƙyashe, su tsotse tsutsar, ta yi baƙi ta bushe. Sannan kowane ya saƙa wa kansa ɗan gida fari kamar auduga. Daga ƙwai zuwa mai fiffike, kimanin kwana 10 ne a lokacin zafi. Wani abin daɗi kuma, takan harbi tsutsotsi fiye da waɗanda take sa wa ƙwai, kuma wadda ta sha harbi ba ta komawa ci.

Abin da ke cikin buhun

Tun da da ma akwai ta, me ya sa ake kawo ta cikin buhu? Dalili shi ne rani. Watanni tara ba ruwa, ba murzuna a fili, abincinta ya yi ƙaranci, sai yawanta ya ragu ƙwarai. Kafin ta sake yawaita da kanta, murzuna ta gama ɓarna.

Saboda haka aka koyi kiwonta. Daga shekara ta 2006, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, INRAN, reshen Maraɗi, ta haɗa kai da takwarorinta na Mali da Burkina Faso, da taimakon gidauniyar McKnight ta Amurka, suka faɗaɗa aikin zuwa ƙauyuka masu yawa. Cibiyar ICRISAT ta Sadore, kusa da Yamai, da ma'aikatar kare tsirrai, da jami'ar Maraɗi duk sun sa hannu. Cikin masanan da suka yi fice a aikin akwai Ibrahim Baoua, Laouali Amadou da Malick Ba.

A cikin kowane ɗan buhu akan sa hatsi da garin hatsi, da tsutsotsi 25 na irin waɗanda ke ɓata hatsi a ajiya, da ƴan zanzaro mata guda 2 waɗanda suka riga suka sadu da maza. Matan su harbi tsutsotsin, su sa musu ƙwai. Bayan kimanin kwana 8 sai sababbi su soma fitowa ta ƙofofin saƙar buhun. Buhu ɗaya yakan fidda kimanin 60 zuwa 70. Akan ba ƙauye buhu 15, a raba su wuri biyar: uku gabas, uku yamma, uku kudu, uku arewa, uku tsakiya. Jimlarsu ta kusa dubu ɗaya. Waɗannan ne za su bazu, su hayayyafa, har su kai kilomita 3 zuwa 5 daga inda aka sake su.

To, ga ta ta fito daga buhu. Ba ta taɓa ganin gona ba. Uwarta ba ta yi mata jagora ba. Yanzu muka zo ga tambayarmu.

Matakai huɗu na farauta

A ce baƙo ya sauka a Tawa ranar Lahadi, ranar kasuwa, yana son tsire. Bai san kowa ba. Da fari zai nemi kasuwa, ya bi hayaniya da ayarin mutane. In ya shiga, sai ya bi hayaƙi da ƙamshi har layin mahauta. A nan zai duba tukuba ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙarshe ya ɗanɗana kafin ya biya.

Haka ƴar zanzaro take yi. Matakin farko, ta zaɓi wurin da za ta nufa: gonar hatsi ce, ko rumbu, ko garka? Na biyu, ta zaɓi shukar da za ta sauka a kai. Na uku, ta bi sawun tsutsa a jikin shukar. Na huɗu, ta taɓa tsutsar ta ji ko ta dace da ƴaƴanta.

Babban makaminta shi ne jin wari. Ba ta da hanci irin namu. Tana da ƙahonni biyu sirara kamar zare a goshinta. Da su take shaƙar iska, da su kuma take ɗanɗana abin da ta taɓa. Matakin farko ya fi sauran wuya. In ta ɓata shi, ta nufi inda babu tsutsa, ƴan kwanakin rayuwarta za su ƙare ba ta bar baya ba. Abu biyu ke taimakonta a wannan zaɓe: abin da aka haife ta da shi, da abin da take koyo.

Abin da aka haife ta da shi

Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ɗan akuya yana faɗowa yake neman nono, ba wanda ya koya masa. Wannan shi ake kira ilhami. Ƴar zanzaro ma da nata ilhamin take fitowa.

In iska ta kawo mata warin da take so, takan juya ta fuskanci iskar, ta yi ta tashi har ta kai tushen warin. In ta sauka, sai ta riƙa buga ƙahonninta a jikin shuka kamar makaho da sandarsa. Tsutsa kuwa ba ta iya ci ba ta bar alama ba. Tana barin kashi, tana barin zare, tana barin wani ruwa daga bakinta a kan abin da ta ci. An gwada ƴar zanzaro da irin wannan ruwa na tsutsar rumbu. Da ta taɓa shi sai ta rage sauri, ta shiga kewaye wurin, tana soka ƙarinta nan da can, ko da tsutsar ba ta nan. Ba wanda ya koya mata wannan.

Amma akwai matsala. A shekara ta 1992 wasu masana biyu na ƙasar Holan, Louise Vet da Marcel Dicke, suka bayyana ta sarai. Warin tsutsa ba ya ƙarya: inda yake, tsutsa tana kusa. Sai dai kaɗan ne, ba ya nisa. Warin shuka kuwa yana da yawa, iska tana kai shi nesa. Sai dai ba kowace shuka ke da tsutsa ba. Kamar makiyayi ne da akuyarsa ta ɓace. Sawun akuya ba ya ruɗin mutum, amma sai ka zo kansa za ka gan shi. Ƙurar garke ana hango ta daga nesa, amma ba tabbas taka tana ciki. Ta hanya biyu dangin ƴar zanzaro suke warware wannan matsala.

Hanyar farko: kiran shuka

A shekara ta 1990, a jihar Fulorida ta Amurka, Ted Turlings da abokan aikinsa suka gano wani abin mamaki a masara. In tsutsa tana cin ganyen masara, bayan ƴan awoyi sai shukar ta soma fidda wani ƙamshi na daban. Wata ƴar zanzaro, dangin tamu, tana bin wannan ƙamshi kai tsaye.

Sai suka yi gwaji. Suka karce ganye kawai, ba tsutsa. Ƙamshin da ya fito kaɗan ne, bai ja ƴan zanzaro sosai ba. Suka sake karce wani ganye, suka shafa masa yawun tsutsa. Wannan karon shukar ta fidda ƙamshin da yawa, ƴan zanzaro suka nufo ta. Ashe shuka tana bambanta raunin ƙarfe da cizon tsutsa. Kamar maigida ne da ya ji ɓarawo a rumbu ya yi kururuwa, maƙwabta suka kawo gudummawa.

Bayan masara, an tarar da irin wannan kira a auduga, wake, tumatur da kabeji. Ƙamshi ne mai zuwa nesa, kuma ba ya tashi sai da dalili.

Hanya ta biyu: koyo

Wannan ita ce ta fi ban mamaki, domin ƙwaƙwalwar ƴar zanzaro ba ta kai ƙwayar gero ba.

A shekara ta 1988 wasu masana biyu na Amurka, Joe Lewis da James Tumlinson, suka yi aiki da wata ƴar zanzaro mai suna Microplitis. Gida ɗaya suke da tamu. Abin farautarta kuwa tsutsar auduga da masara ce, wadda ita ma dangin murzuna ce. Suka ɗauko kashin tsutsar, suka haɗa shi da ƙamshin banila, wato ƙamshin nan da ake sa wa biskit. A daji ba abin da ya haɗa tsutsa da banila. Suka bar ƴar zanzaro ta taɓa kashin da ƙahonninta tana shaƙar wannan ƙamshi. Daga baya suka sa ta cikin dogon akwati mai fanka, suka sa banila kaɗai a ɗaya ƙarshen. Sai ta tashi ta nufi banilar tana neman tsutsa. Ƴan uwanta da ba a yi wa wannan horo ba kuwa ba su kula ba.

Me ya faru? Ta haɗa abu biyu a ƙwaƙwalwarta: alamar da ba ta ƙarya, da ƙamshin da ke tare da ita. Jakin da ya saba samun dusa in ya ji ƙarar kwano, da ya ji ƙarar zai ɗaga kunne. Haka abin yake. A gona, ƙamshin da take haɗawa da tsutsa shi ne na shukar da ta same ta a kai. Ta sami tsutsa a auduga, sai ta fi bin auduga. Ta same ta a wake, sai ta fi bin wake. An kuma tarar tana koyon launi da siffar wurin da ta yi sa'a.

A shekara ta 1990 Lewis da wani masani ɗan Japan, Keiji Takasu, suka ƙara wani gwaji. Suka koya wa ƴan zanzaro ƙamshi biyu, banila da cakulan. Ɗaya suka haɗa shi da ruwan sukari, ɗaya da alamar tsutsa. Da aka sake su, masu jin yunwa suka bi ƙamshin abinci. Waɗanda suka ƙoshi suka bi ƙamshin tsutsa. Mu riƙe wannan da kyau: mai jin yunwa cikinta take yi wa aiki, ba gonarka ba.

Koyon nan ya kai har a shekara ta 2005 aka nuna wata na'ura a jihar Jojiya, da ƴan zanzaro biyar a cikinta. Cikin ƴan mintoci ake horar da su su gane wari ɗaya, kamar warin fumfunar da ke sa guba a masara da gyaɗa. In sun ji warin sai su taru wuri ɗaya, na'urar ta nuna.

Kowa da irin koyonsa

Ba duka suke koyo da sauri ɗaya ba. A Holan an gwada ƴan zanzaro iri biyu masu farautar tsutsar kabeji. Ta farko, sau ɗaya ta sami tsutsa a kan shuka ya ishe ta, za ta riƙe ƙamshin kwanaki. Ta biyu sai an maimaita mata sau uku, da hutu tsakani.

Dalilin yana ga tsutsotsin. Wadda ta farko ke nema a tare suke zama, in ka ga ɗaya ka ga tuli. Saboda haka sa'a ɗaya shaida ce mai ƙarfi. Wadda ta biyu ke nema kuwa ɗai-ɗai suke, a warwatse. Samun ɗaya ba ya nuna akwai wata kusa. Gara ta yi jinkirin yarda.

Suna kuma mantuwa, kuma mantuwar tana da amfani. In ƴar zanzaro ta bi ƙamshin da ta koya sau da yawa ba ta sami komai ba, sai ta bar kula shi, ta nemi wani. Mai kiwo ma ba ya komawa rijiyar da ta ƙafe.

Ga amsar tambayarmu ke nan. Ilhami ne ke tada ta, ya sa ta kan hanya. Kiran shuka da sawun tsutsa su ja ta. Sa'ar da ta samu kuma ta gyara mata zaɓe na gaba.

Abin da ya rage gare mu

Sanin hanyarta shi ke nuna mana yadda za mu taimake ta.

1. Mu kula da lokaci. Binciken da aka yi a nan Nijar ya nuna cewa sakinta lokacin da hatsi ke fidda kai yana ba da sakamako mai kyau. In an yi latti, murzuna ta ci ta sauka ƙasa. In an yi sammako da yawa, ƴan zanzaro za su fito su tarar da gona ba kowa, su watse ko su mutu. Wadda ta sami tsutsa da wuri kuwa, cikin kwana 10 ƴaƴanta sun shiga aiki, jikokinta su biyo baya kafin murzuna ta sauka. Saboda haka tun hatsi yana ciki mu riƙa zagaya gona, mu sanar da malamin gona da wuri.

2. Mu rataye buhu inda ya dace: a reshen itace ko kan sanda, cikin inuwa, kusa da gonaki. A yi masa rufi da tsohon bokiti ko yankakken bido don kada ruwa ya jiƙa shi. A tsare shi daga kiyashi, awaki da yara. Kada a kwance shi don a ga abin da ke ciki. Kada kuma a naɗe shi cikin leda, domin ta saƙar buhun suke fita.

3. Mu bar feshi a gonakin da aka saki ƴan zanzaro. Maganin da ƙyar yake kai wa ga murzuna, amma ita da ke yawo a fili nan take yake kashe ta. Wadda ba ta mutu ba ma, an tarar wasu magunguna suna rage mata jin wari. Mafarauciyar da ba ta jin wari kuwa ta zama makauniya.

4. Mu bar mata abinci. Babbar ƴar zanzaro tana shan ruwan zaƙin fure. Wake, riɗi da yakuwa a tsakanin hatsi ko a gefen gona, da ƴan itatuwan da muka bari suka tofo, duk suna ciyar da ita da sauran ƙwari masu amfani. Mun ga gwajin: sai ta ƙoshi take farauta.

5. Mu san alamar aikinta. Bayan mako biyu zuwa uku da rataye buhu, mu buɗe zanen murzuna a hankali. In mun ga tsutsa ta yi laushi ba ta motsi, ko ta yi baƙi ta bushe, ga ƙananan fararen gidaje kamar auduga a gefenta, to aiki yana tafiya. Kada mu murje su. Mu nuna wa mata da yara su ma su sani.

6. Mu yi aikin tare. Ƴar zanzaro ba ta san iyakar gona ba. Wadda ta fito daga buhun gabas tana iya ƙarewa a gonar yamma. In mutum goma sun kiyaye, ɗaya ya yi feshi, ya taɓa rabon kowa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maigari da ƙungiyar manoma su zauna tun kafin damana, a san wanda zai karɓo buhuna, a san wanda zai kula da kowane wuri. Wasu ƙungiyoyin manoma a ƙasarmu sun koyi kiwonta da kansu suna sayar da buhunan. Ƙauyuka maƙwabta, kamar na Afala, Barmu da Takanamat, in sun haɗa ranar saki, ba za a bar giɓi tsakani ba.

7. Mu sake kowace shekara da murzuna ta nuna alama. Rani yana rage ƴan zanzaro. Sakin bara ba ya isar bana.

Ribar rumbu da ribar lafiya

Shin abin yana biya? A binciken da Ibrahim Baoua da abokan aikinsa suka wallafa a shekara ta 2014, an auna zangarku ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda ƴar zanzaro ta kashe murzunarsu sun fi waɗanda murzuna ta ci ba mai hana ta da kashi 34 cikin 100 na tsaba. Wato inda za a sami tiya 3, sai a sami tiya 4. Ga magidanci mai iyali, wannan tazara ita ce ke tsakanin rumbun da ya kai shuka da wanda ya ƙare tun bazara.

Akwai kuma ribar lafiya. Maganin feshi guba ne. Yana shiga jiki ta fata, ta hanci, ta baki. Mutane da yawa suna feshi ba safar hannu, ba abin rufe hanci, iska tana maido musu da shi. Wasu suna wanke kwalbarsa su zuba ruwan sha ko mai, alhali wanki ba ya fidda gubar. Yara kuma suna karyo tumu su gasa, ba su san an fesa gonar ba. Ƴar zanzaro ba ta barin komai a jikin hatsi. In wata annoba ta tilasta feshi, kamar fara, a nemi shawarar malamin gona tukuna, a kuma gaya masa cewa an rataye buhuna a wurin.

Kada mu ɗora mata abin da ba nata ba. Ba ta maganin fara, ba ta korar tsuntsaye, ba ta kawo ruwan sama. Ba ta kuma ƙarar da murzuna kakaf. Rage ta take yi, har hatsi ya tsira.

Ƴan uwa, an ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Murzuna ƙarama ce, ta tsone mana ido shekara da shekaru. Mai maganinta ta fi ta ƙanƙanta. Ta iya neman hanya da kanta, tana kuma ƙara ƙwarewa da kowace tsutsa da ta samu. Namu shi ne mu kawo ta kan lokaci, mu ba ta inuwa, mu bar mata fure, mu kau da guba daga hanyarta.

Bana, in hatsi ya yi ciki, kowa ya leƙa gonarsa. Wanda ya fara ganin alama ya gaya wa maƙwabcinsa, a kai labari ga malamin gona tun zangarniya ba ta yi zane ba.

Allah ya ba mu damana mai albarka.